Gangar da Ba Ta Jira Ba

Tuluz, ƙasar Faransa
Janairu 2024

Uwaliya,

Assalamu alaikum. Shekara shida da 'yan watanni ke nan rabona da gida, kuma sai yau na zauna na rubuta wa wani daga cikinku takarda da hannuna. Na gwada yi miki saƙon murya, in na zo kan maganar sai in goge. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauke ta a waya in turo. Kada ki yi wa rubutun dariya, ba kowa ne ya yi karatun malanta irinki ba.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Bashari da su Kamila. Yaya Inna Yelwa da ciwon gwiwar? Ki ce wa tsohuwar taku ɗan makaɗa yana gaisuwa, tunda haka take kirana. Ni lafiya lau, sai sanyi da ke tsattsaga mini yatsu, da wani haƙori da ya hana ni tauna ta hagu.

Na san abin da ake faɗa a kaina a Kabo, wai Hambali yana can yana yi wa Turawa kiɗa suna rawa tsirara. To ba rawa ba ce. Tanti ne babba mai cin mutum dubu, muna yawo da shi gari-gari a manyan motoci. A ciki akwai masu tafiya a kan igiya, da masu hawa kafaɗar juna har mutum huɗu, da masu lilo can ƙololuwa su saki hannu wani ya cafe su. Babu kura, babu biri. Mu makaɗa huɗu muna zaune gefe a kan dandamali. Aiki ne kamar kowane aiki, kuma mutanen ba su taɓa cin haƙƙina ba. Gajiya ce dai, da abincin da ba ya zama a ciki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bara aka shirya sabon wasa. Mai tsara mana kiɗa, wani dattijo Matiyas, ya ce yana neman abin da za a rufe da shi, lokacin da wata 'yar Habasha mai suna Selam take lilonta na ƙarshe. Ya ce in kaɗa masa abin da zai sa mutum ya ji ƙasa ta yi masa kaɗan. Na kaɗa na gayya, na kaɗa na 'yan dambe iya wanda na sani, yana ta girgiza kai. Da na gaji sai hannuna ya tafi inda ya saba. Na kaɗa taken yayanki Dalhatu.

Kin san shi, a cikinsa kika girma. Babana ne ya yi masa shi yana ɗan shekara goma sha shida, ranar da ya fara jefa garma a filin Getso, ni kuma na gada. Ganga ta ce, Dalhatu ina garma, Dalhatu ina garma. Sai in ɗaga gula in tsaya cak. Shi kuma ya zagaya fili yadda ya ga dama, yana jan garmar a ƙasa, yana hararar manoman wasu garuruwa, wani lokaci har ya tsaya shan ruwa don ya ja wa mutane rai. Sai ya shirya don kansa ya ce, tana sama, ya wurga ta, ni kuma in sauke gula daidai lokacin da ta dawo hannunsa. Shekara ashirin muna wannan, ban taɓa riga shi ba.

Kin kuma san abin da ya faɗa mini a tashar Kabo ranar tafiyata. Mu biyu masu tantin nan suka nema bayan sun ga wasanmu. Shi ya ce ba zai jefa garma a gaban waɗanda ba su taɓa riƙe ta ba. Ra'ayinsa ne, ban ga laifinsa ba. Amma shi yana da gona. Ni kiɗan noma ya daina ciyar da gida tun da kowa ya koma hayar sifika ranar gayya. Ya ce in na hau motar nan kada gulata ta ƙara taɓa takensa. Na riƙe wannan shekara biyar. Yanzu kusan kullum ina kaɗa shi, kuma ba zan yi miki ƙaryar na yi nadama ba. Babana ne ya yi shi. In nasa ne, nawa ne ni ma.

To yanzu an ɗauki kiɗan wasan gaba ɗaya za a fitar a faifai, za a kuma sa shi inda kowa zai samu a waya. Wannan ne na ƙarshe a jerin. Matiyas ya tambaye ni sunan da za a rubuta masa. Ina so a rubuta Taken Dalhatu na Kabo, amma ba zan sa sunan mutum ba da izininsa ba. Sun ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Ki je Kabo ki karanta masa wannan. Ni ba ya ɗaga wayata, ke kuwa ko ya harare ki zai saurara.

Taubashinki, wanda kike ce wa bawan gidanku,
Hambali

*

Unguwar Tudu, Gwarzo
Fabrairu 2024

Bawan gidanmu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Takardarka ta iso, na karanta ta da ƙyar, rubutun kamar an zubar da wake a tabarma. Amma na gane, kuma na ji daɗin ganin hannunka.

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Malam yana amsawa, ya ce ka cire haƙorin nan kafin ya ɓata na kusa da shi. Kamila ta shiga izu na arba'in. Inna ta ce a gaya wa ɗan makaɗa ya aiko mata da man zafi na Turawa, wai na nan ya saba da gwiwarta. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, jarrabawar Islamiyya ce ta riƙe ni, ga kuma zirga-zirgar Kabo.

Maganar da ka aiko ni. Na je, har sau biyu, amma ban karanta masa ba. Yaya ba ya fita sosai kwanan nan, kuma ba lokacin wannan zancen ba ne. Kada ka tambaye ni dalili, ba zan iya faɗa maka fiye da haka ba. Batun suna ka bar shi tukuna, in za su iya jira su jira.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma ba da wasan taubasantaka ba. Kada ka turo kiɗan nan gida. Kada ka tura wa ɗansa Lukuman, kada ka tura wa kowa a Kabo. Ba na so a kunna shi a inda Yaya zai ji. Ka yi mini wannan don zumunci.

Ka riƙa sa safar hannu. Kai da ko ruwan randa kake jin sanyinsa.

Uwargijiyarka,
Uwaliya

*

Gent, ƙasar Beljiyam
Afrilu 2024

Uwaliya,

Gaisuwa da fatan kun yi sallah lafiya. A gaida Malam da yara. Man zafin Inna na ba wani ɗan Dawanau da zai dawo. An cire haƙorin.

Na karanta takardarki, na ajiye, na sake karantawa. Na yi niyyar in yi shiru, sai na ga shirun ya fi maganar cin raina. Na gane. Ba ku son sunan gidanku a jikin faifan makaɗi. Ba yau aka fara ba. Tun ranar da uwata, gwaggonku, ta auri mai ganga ake ba mu abinci a kwano daban in mun zo sallah. Dalhatu kaɗai ne yake jawo ni cikin nasa kwanon, shi ya sa nake zaton ko yana fushi, in ya ji za a rubuta sunansa inda duniya za ta gani, zai ce a rubuta. Ashe ko karanta masa ma ba a yi ba. Kin yanke masa hukunci, kin yanke mini.

Ba su iya jira ba, kuma ba laifinsu ba ne, injin buga faifai ba ya sanin ana fushi a Kabo. Faifan ya fito makon jiya. Sun sa wa kiɗan wani suna da Faransanci mai ma'anar tashi sama. A ƙasa an rubuta wai na gargajiya ne daga yammacin Afirka, ba a san mai shi ba. Ba a san mai shi ba, Uwaliya. Ni da na ga ranar da aka yi shi, ina riƙe wa Babana takalmi a bakin fili.

Ba zan ɓoye miki ba, kiɗan ya yi kyau. Sun ɗauki gangar a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifa, ta fito da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Abu ɗaya ne ba kamar na gida ba. Wurin nan da nake ɗaga gula in tsaya, Matiyas ya cike shi da gogen Turawa, ya kuma yanke masa ƙirga takwas, babu ƙari. Akwai wani ɗan abu da suke sa mini a kunne yana ƙirga mini. Na yi masa gardama, na ce wurin nan na mai amsawa ne. Sai ya kai ni tsakiyar tanti ya nuna mini lilon Selam yana zuwa yana komawa. Ya ce a kan dukana take sakin hannu, kuma lilo ba ya tsayawa shan ruwa. Gaskiyarsa ce. Na yarda.

Lukuman ya daɗe yana damuna in turo masa abin da muke yi. Jiya na tura masa. Na san kin hana. Amma yayanki ba yaro ba ne da za a riƙa toshe masa kunne. In zai zage ni, ya zage ni bayan ya ji.

Hambali

*

Gwarzo
Afrilu 2024

Hambali,

Salamu alaikum. Ina rubuta wannan a kan benci a barandar asibiti. Mu dai muna lafiya. Yaya Dalhatu ne babu lafiya, kuma ba yau ya fara ba.

Tun watan Agusta ya faɗi a gona yana huɗa. Hawan jini. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, maganarsa sai matarsa Hanatu ke gane ta. Da ya ɗan farfaɗo ya sa Inna ta tara mu, ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba. Ba ya so ka ji labarin ana ɗaukarsa zuwa bayi. Abin da na riƙe ke nan lokacin da nake rubuta maka. Kai kuwa ka karanta layi uku ka tono kwanon sallah na shekara arba'in. Ba sunan gida nake karewa ba. Yayana na sani. Tun yana saurayi in ya ji gangar nan, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye ta.

Lukuman bai san wannan ba, yana yaro ubansa ya daina fita fili. Ranar Laraba bayan la'asar ya haɗa wayar da sifikar shagonsa a ƙofar gida don abokansa su ji kiɗan kawunsa na Turai. Yaya yana kwance a zaure inda ake fito da shi shan iska. Garmar tana rataye a bango inda ta daɗe. Maƙwabcinsu da ke zaune a dakali shi ya ba ni labari. Ya ce da gangar ta fara kiran sunansa sai ya ga Yaya ya kama katakon ƙofa da hannun hagu, ya ja jikinsa, ya miƙe tsaye. Mutumin da wata takwas bai tsaya ba. Gangar ta tambaya, ta sake tambaya. Ya buɗe baki zai amsa, harshen yana ta kokawa. Kafin ya juya shi, gogen nan ya shigo, gangar ta sauka ta wuce abinta. Duk da haka ya miƙa hannu wajen garmar. Ƙafar ta ƙi. Ya faɗi a kan dokin ƙofa, ƙugunsa ya karye.

Yau kwanansa shida a nan. Likita ya ce da jikin da yake da shi ba za su yi gaggawar aiki ba. Ba karayar ce ta fi damuna ba. Tun da ya dawo hayyacinsa yake nuna aljihun Lukuman inda wayar take, sai an kunna masa. Ya rufe ido, ya tattara numfashi, in an zo wurin ya fara haɗa kalmar, sai a wuce shi. Ya nuna a mayar baya. Haka muke yini. Masu jinyar gadon kusa sun fara da dariya, yanzu in an zo wurin sai su kau da kai.

Jiya ya yi wata magana, ya maimaita, na ce wa Hanatu me yake cewa. Ta ce, "Wai Hambali bai jira shi ba." Na ce masa ai ba kai ba ne, inji ne, Bature ne ya yanke wurin. Ya girgiza kai, ya nuna tafin hannunsa. Hanatu ta ce wai hannun naka ne, ya san shi.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Amma da na karya alkawarin na faɗa maka gaskiya tun Fabrairu da ba mu zo nan ba, wannan kuma nawa ne. Ka kuma san wani abu. Bayan tafiyarka makaɗa biyu sun zo daga Mainika suna so su bi shi, ya sallame su da goro. Bai ƙara jefa garma ba.

Malam ya ce tunda yanzu ana ganin juna a waya, ka kira ranar Juma'a bayan an sauko, ka kaɗa masa da hannunka, ka jira shi. Malam ne fa ya faɗi wannan, shi da ko kalangun biki ya ji sai ya sauya hanya.

Uwaliya

*

Gent
Mayu 2024

Uwaliya,

Ina gaisuwa. Yaya mai jiki? Yaya Hanatu da zaman jinya? Allah Ya ba ku lada. Maganar kwano na janye ta. An yi ta, amma ba ke kika yi ba.

Tun Juma'a nake kira ba ya shiga, shi ya sa na koma ga takarda ko za ta shige in sabis ya leƙo. Ban san abin da kuka gani ta wajenku ba, ga abin da na gani ta nawa.

Na fitar da ganga bayan tanti, tsakanin motoci, Selam ta riƙe mini wayar. Na ga fuskarsa. Da a hanya na gamu da shi da ban gane shi ba. Gemun duk ya yi fari. Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba, ai kin san mu. Na kaɗa. Na tambaye shi garma sau biyu, na ɗaga gula. Na ga ya zuba mini ido bai motsa ba. Na ce a raina, yau ko zuwa magariba ne ina nan. Na tsaya har kafaɗata ta fara rawa. Sai yarinyar ta taɓa ni ta nuna mini wayar, ashe hoton ne ya daskare, kiran ya daɗe da yankewa. Ban san tun yaushe ba.

Ki gaya mini, ya amsa? Ko bai samu ya gama ba? Kada ki tausaya mini, ki faɗi yadda aka yi.

Na nemi hutu. Sun ce babu wanda zai riƙe gangar, kuma an riga an sayar da tikitin wasannin Jamus har ƙarshen Yuni. Bayan nan in tafi. Ba su yi mini wulaƙanci ba, matar ofis har da hawaye, amma amsar ke nan. Na sayi tikitin jirgi na farkon Yuli, ta Abuja zan sauka.

Na kuma yi magana da Matiyas. Ya ce faifan da aka buga an buga, amma sunan da ke waya ana iya gyara shi. Har yanzu izinin nake nema. In ya samu sauƙi ki karanta masa takardata ta farko. Ta biyun ki ƙona ta.

Hambali

*

Kabo
Yuni 2024

Yaya Hambali,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Inna tana nan da sauƙi, sai dai ba ta son shiga zauren. Hanatu ta shiga takaba, ta ce a gaishe ka.

Ranar Talatar da Malam ya kira ka ya faɗa maka, ka ce to, ka kashe wayar. Ban ga laifinka ba. Amma ka yi mini tambaya tun watan jiya, na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa. Yau an yi addu'ar bakwai, mutane sun watse, bari in ba ka amsarka.

Ya amsa.

Hadari ne ya taso ranar, sabis ya ɗauke daidai lokacin da ka ɗaga hannu. Lukuman ya gani, na gani, babu wanda ya faɗa masa. Shi bai sani ba, yana ganin ka a wayar da gula a sama. Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Ɗakin nan na mutum takwas ko tari babu. Sannan ya ce, "Tana sama." Tas, kamar bakin bai taɓa karkacewa ba. Ya ɗaga hannun hagu ya buɗe tafin. Ya tsaya yana jiran dukanka.

Da abin ya yi tsawo Malam ya daki durowar gefen gado da tafin hannunsa. Yaya ya juyo ya dube shi, ya ɗan yi murmushi, ya girgiza kai. Sannan ya sauke hannun. Daga ranar bai ƙara nuna aljihun Lukuman ba.

Takardunka na karanta masa duka, har wadda ka ce in ƙona. A wurin kwanon sallah ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya ce wai kai ne mai cinye naman. Batun suna na tambaye shi a gaban Hanatu da Malam. Ya ce a sa. Amma a fara da sunan babanka, Baba Ƙasim, don shi ya yi.

Ƙirjinsa ne ya kama a ƙarshe, saboda daɗewar kwanciya. An yi jana'iza bayan azahar. Manoman Getso sun zo mota biyu.

Ban sani ba ko yanzu za ka fasa zuwa. In ka tambaye ni, ka zo. Inna ta tambaye ni sau biyu ko ɗan makaɗa yana hanya.

Ƙanwarka,
Uwaliya

*

Kolon, ƙasar Jamus
Yuni 2024

Uwaliya,

Wa alaikumus salam. Yaya ƙarin haƙuri? Ki yi wa Inna da Hanatu da Lukuman ta'aziyya kafin in zo in yi da bakina. Ki ce wa Lukuman kada ya ɗora wa kansa, ni na tura. Ki ce wa Malam na ji abin da ya yi, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne ga mutum irinsa.

Na gode da kika faɗa mini yadda aka yi.

Babana yana da ƙa'ida, in mai take ya rasu ba ya ƙara kaɗa taken, ko sarki ne ya roƙa. Ranar da Malam ya kira akwai wasa da yamma. Na je na gaya wa Matiyas. Ya ce to a kunna na faifai a madadina. Selam ta ce ba ta taɓa sakin lilo a kan faifai ba, ba za ta fara ranar da tanti ya cika ba, sai an gwada. Tana da gaskiya, wuyanta ne. Sai na hau na kaɗa. Da na zo wurin na ɗaga gula, wallahi ban yi niyyar sauke ta ba. Abin kunnen yana ƙirgawa. Na ga 'yar mutane ta taho da gudu a can sama, hannunta ya fara sassautawa. A na takwas na sauke. Mutane suka miƙe suna tafi.

Mako guda suka yi suna gwadawa da faifan da safe. Yanzu da shi ake rufe wasan, ni ina zaune da hannu a cinya. Babu wanda ya lura a cikin 'yan kallo. Da an gwada wannan a watan Mayu da na same shi da rai. Ba zan ɗora wa kowa ba. Ni ma ban kawo shawarar ba, ina ganin ba za a iya ba sai da ni.

An gyara sunan. In kin duba a waya za ki ga an rubuta Ƙasim Makaɗi ne ya yi, Taken Dalhatu na Kabo. Kada ki kunna a Kabo.

Kwantiragina yana ƙarewa da wannan watan, na ce musu ba zan sabunta ba. Zan zo da tikitin da na saya. Kada a zo tarbata, in na iso Kano zan hau motar Gwarzo daga Kabuga in fara sauka wajenku, ba zan iya shiga zauren nan ni kaɗai ba.

Tunda za a tambaye ki me na tara, gara ki ji daga wajena ki huta da kare ni. Yuro dubu huɗu da ɗari uku, bayan tikiti. Ganga biyu, ɗaya fatarta ta tsage. Rigar sanyi uku. Faifai ashirin da suka ba ni kyauta, suna cikin ledarsu.

Hambali